Tauraro na Arba'in da Ɗaya

Ranar da aka sauko da Dakta Lachlan Verrall daga kan dutse a motar asibiti, Merle Tregenza ce ta wanke kofin shayinsa. Ya sha rabi ya ajiye, ya miƙe zai ɗauko wani littafi, sai ƙafar dama ta ƙi ɗaukarsa. Ya sulale ya jingina da kabad yana dubanta kamar mai neman gafara. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce. Cikin watan Afrilu ne na shekarar 1981, lokacin da sanyi ke fara shigowa a can kudancin duniya.

Shekara talatin da ɗaya ke nan suna aiki a ɗaki ɗaya, a tashar kallon taurari da ke saman dutsen Kurrabee. Shi yana kiranta Mis Tregenza, ita tana kiransa Dakta, kuma ba su taɓa sauya wannan ba. Merle ba ta yi jami'a ba. Tana da shekara ashirin da biyar aka ɗauke ta aikin awon hotuna, saboda ta iya lissafi kuma hannunta ba ya rawa. Da dare maza su ɗauki hoton sama a kan faifan gilashi ta babban madubin hangen nesa. Da rana ita ta ɗora faifan a injin awo, ta kafa ido a madubin ƙara girma, ta murɗa ƙusa a hankali har siririn zaren da ke ciki ya raba ɗigon tauraro biyu daidai, sannan ta rubuta lambar. In ta gama da wannan ɗigon ta matsa na gaba.

A da su goma sha huɗu ne a kan dutsen, da matan aure da yara da filin wasan tanis. Da aka gina manyan madubai a wasu wurare, matasa suka bi su ɗaya bayan ɗaya. Aka bar mutum uku: Dakta, da Merle, da Des Kowalczyk, makanikin da ke kula da injuna da ƙubbar da ke rufe babban madubin. Des a gari yake zaune da matarsa Beryl. Ya hau da safe a a-kori-kurarsa, la'asar na yi ya sauka.

Aikin da ya rage musu shi ne Garke. Gungun taurari ne irin Kaza da 'Ya'yanta, wanda taurarinsa suke a ɗan warwatse, sai dai shi ido ba ya kai masa sai da madubi. Yana da lamba a kundi, amma a ƙasar tumaki ba mai kiransa da ita. Abu uku Dakta yake son tabbatarwa: nisansa, da shekarunsa, da yawan taurarin da suke 'yan gida. Na ƙarshen ya fi wuya, domin hoto ba ya bambance na kusa da na nesa, kuma wani tauraron hanya ce kawai ta biyo da shi ta gaban gungun ya shiga hoto. Dabarar ita ce a gwada hotunan da aka ɗauka a 1934 da waɗanda aka ɗauka bara. 'Yan gida tare suke tafiya, fuska ɗaya, sauri ɗaya. Baƙo kuwa hanyarsa daban. Duk motsin da za a gani a kan faifan cikin shekara arba'in da shida bai wuce kashi ɗaya cikin goma na kaurin gashin kai ba. Taurari ɗari shida da goma sha biyu Merle za ta auna, a kan faifai takwas, kowanne sau biyu.

Mako biyu bayan faɗuwar Dakta, wasiƙa ta zo daga jami'ar da ke da tashar. Za a rufe wurin ranar ƙarshe ta watan Disamba. Des ya karanta a tsaye a bakin ƙofar ɗakin awo, yana goge baƙin mai da tsumma.

"Dama jira suke tsohon ya faɗi," in ji shi. "Ke fa, Farfesa? Ki ajiye wannan wahalar ki hutar da idonki mana."

Farfesa yake ce mata tun zuwansa, don tsokana, har ta daina ji.

"Saura ɗari da tara," ta ce, idonta na kan madubi.

"Wa zai karanta?"

"Ban ce wani zai karanta ba. Cewa na yi saura ɗari da tara."

"To, sabo turken wawa. Ni ma ga shi yanzu zan je in sa wa ƙubba mai, kamar gobe wani zai buɗe ta."

Awon bai dame ta ba, dama ita kaɗai take yinsa. Abin da ya yi mata nauyi shi ne duba. Kowace la'asar takan karanta lambobin ranar da ƙarfi, Dakta yana bin su a littafi na biyu da tsinin fensir, in layi ya yi daidai ya ce, "Na gaba." Yanzu sai ta ɗora rula a wannan littafin, ta ɗora wata a wancan, ta karanta wa kanta. Sau ɗaya Des ya ce zai taimaka. Layi goma sha biyu ya yi, ya fara hamma, ya tsallake biyu, ta ce ya je ya ji da ƙubbarsa.

Da ƙarfe huɗu takan ji motarsa tana gangarawa, ƙarar na raguwa a kowace kwana har ta ɓace. Daga nan sai iska a cikin itatuwan turare. Ta kulle ɗakin awo, ta bi ta gaban gidaje shida da ba kowa, ta wuce filin tanis inda kangaru ke kiwon ciyawar da ta fasa siminti, ta shiga nata gidan. Ta soya haƙarƙarin rago ɗaya da dankali, ta kunna rediyo don a ji murya a ɗakin. Ɗakin mahaifiyarta, wadda ta yi wa jinya shekara tara a nan har ta rasu, yana rufe. Ƙanwarta Coral takan bugo waya daga Newcastle, can bakin teku, ranar Lahadi, minti uku, yawanci a kan ciwon gwiwa da jikoki.

Ƙarshen watan Mayu ta gama awo, ta shiga lissafi. Taurari ɗari da tamanin da bakwai suka fito 'yan gida, suna tafiya tare kamar an kora su. Ta bi jerin tana yi musu alama da jan biro, har ta zo kan na arba'in da ɗaya, sai ta tsaya.

Kowa a tashar ya san na arba'in da ɗaya. Shi ne mafi haske a Garke, kuma shuɗi ne. Manyan taurari shuɗɗa su ne ke fara ƙonewa su mutu, saboda haka in ana son sanin shekarun gungu, sai a duba shuɗin da ya fi girma cikin waɗanda suka rage. A 1958 Dakta ya dogara da wannan tauraron ya rubuta cewa Garke yaro ne, shekararsa miliyan talatin kacal. Takardar nan ce ta yi masa suna, har aka gayyace shi taro a Turai, hoton taron na nan rataye a bayan kujerarsa. Yanzu ga lambobi a gabanta suna cewa na arba'in da ɗaya ba tare da sauran yake tafiya ba. Ya karkata arewa, kuma ya fi su sauri. In aka cire shi, shuɗɗan da suka rage ƙanana ne, Garke kuma zai kai shekara miliyan ɗari biyu.

Ta sake auna shi a faifai takwas ɗin. Washegari ta juya faifan kai ƙasa ta sake. Amsa ɗaya.

Ranar Asabar ta gasa 'yan burodin shayi irin wanda yake so, ta sa takardun a jaka, ta sauka gari a tsohuwar motarta. A gidan jinyar tsofaffi wata nas mai fara'a ta shige gaba tana kiran, "Lachie, tashi ka gyara, ga budurwarka ta zo." Merle ta ji kunnuwanta sun yi zafi. Ba ta taɓa jin wani mahaluki ya kira shi haka ba.

Yana zaune a keken guragu kusa da taga, an rufa masa bargo a gwiwa. Ya rame, kuma an yi masa aski irin wanda ba zai taɓa yarda da shi ba. Magana ta gefen baki ɗaya take fita, a gutsure.

"Mis... Tregenza."

"Dakta. Yaya jikin?"

Ya kaɗa hannun hagu, alamar a bar wannan. "Garke?"

"Na gama awo."

"Nawa?"

"'Yan gida ɗari da tamanin da bakwai."

Ya gyaɗa kai. "Nisa?"

"Bai kauce daga naka ba sosai. Tafiyar haske ta shekara dubu biyu da ɗari uku."

Gefen bakinsa mai lafiya ya ɗaga. Merle ta dubi burodin da ke cinyarta. Tun a mota take tunanin ta tsaya a nan, ta bar shi da wannan murmushin. Amma shi ne ya koya mata cewa ba a zaɓar lambar da za a faɗa.

"Dakta, na arba'in da ɗaya ba ɗan gida ba ne."

Ta miƙa masa takardar. Ya riƙe ta da hannun hagu, ya daɗe yana dubawa.

"Kuskure," ya ce.

"Sau uku na auna."

"Ɗigon... babba ne. Ya yi faɗi. Ba a samun... tsakiya."

"Na lura da haka, shi ya sa na juya faifan."

"Ke mai awo ce," in ji shi. Ya yi ta kokawa da kalmar da ke biye. "Mai awo. Ba..."

Bai ƙarasa ba. Ya saki takardar ta zame ƙasa, ya mai da fuskarsa taga. Ta sunkuya ta ɗauka, ta ajiye masa burodin a kan tebur, ta ce sai wani makon. Bai juyo ba.

Ta fi rabin sa'a zaune a mota ba ta tayar ba. Maganar ta soke ta, kuma ta san sauran da bai faɗa ba, cewa ita ba masaniyar taurari ba ce. Amma da zafin ya ɗan lafa, sai ta ga cewa a kan ɗigon yana da gaskiya. Tauraro mai haske sosai in aka daɗe ana ɗaukarsa yakan bazu a kan gilashi kamar tawada a takardar shan ruwa, tsakiyarsa ta zama ta kintace. Maganin abin shi ne hoton da aka ɗauka cikin ɗan gajeren lokaci, wanda zai fito da shi ƙarami, mai kaifi.

Kwana uku ta yi a ɗakin ajiya tana buɗe akwatunan katako, ƙura na shiga mata hanci. A wani akwati da aka rubuta wa "gwaji" ta sami faifai biyu na 1934, na minti bibbiyu, waɗanda aka ɗauka don saita madubi aka manta da su. Saura sababbi irinsu da za a gwada su da su. Ta sami Des a ƙarƙashin ƙubba yana cin burodi da cuku.

"Ina son hoto uku na Garke, minti bibbiyu."

"Wa zai ɗauka?"

"Ni da kai."

Ya ajiye burodin. "Farfesa, ni makaniki ne. Na iya buɗe ƙubba, na iya juya madubin ya dubi inda kika ce. Amma riƙe tauraro a kan zare har a gama ɗauka, wannan aikin tsohon ne."

"Shekara talatin da ɗaya nake riƙe taurari a kan zare."

"A zaune, ga hita a ƙafarki, su kuma ba sa motsi."

"Za ka buɗe ko ba za ka buɗe ba?"

"Kin taɓa hawa tsanin nan kuwa?"

Ba ta taɓa ba. A zamanin da ta zo, mata ba sa aikin dare a tashar, daga baya kuma ba wanda ya tuna ya tambaye ta.

"To shi ke nan," in ji Des. "Amma ban da Laraba. Laraba daren kati ne, Beryl ta ce in na sake ɓata mata shi in nemi wurin kwana."

Kwana tara gizagizai suka rufe dutsen. A rana ta goma, wadda ta faɗo Laraba, sama ta washe tun da la'asar. Des ya dubi sama, ya dubi agogo, ya shiga ofis ya buga waya. Merle ta jiyo shi yana cewa, "Ki sa ƙanwarki a kujerata mana, ai ta fi ni iya maguɗi."

A watan Yuni Garke yana tsakar sama da zarar duhu ya shiga, ba sai an raba dare ba. Sanyi kuwa har cikin haƙori. Merle ta sa rigar ulu biyu da tsohon kwat ɗin Dakta da ke rataye a bayan ƙofa. Ƙubba ta buɗe da ƙara, Des ya juya madubin, ita ta hau tsani tana ƙirga matakala, ta kafa ido a ƙaramin madubin saiti.

Ta san wurin kowane ɗayansu, ta san lambarsa. Amma a kan gilashi baƙaƙen ɗigo ne a farin fili, haka ta san su tun tana budurwa. A nan sai ga su farare a cikin baƙi, suna ɗan rawa, wasu da ratsin ja. Na arba'in da ɗaya yana gefen hagu, shuɗi sosai, ya fi yadda lambobi suka gaya mata kyau.

"Kin mutu ne a can sama?" in ji Des daga ƙasa.

"Buɗe faifan."

Na farko ya lalace, domin yatsunta sun ƙage ta danna maɓallin da ba shi ba, tauraron ya ja layi. Ta sauko, Des ya zuba mata miyar kabewa mai zafi daga fulas, ta riƙe kofin har yatsun suka saki. Ta sake hawa. Na biyu da na uku da na huɗu suka tafi lafiya. Kafin ƙarfe takwas sun rufe ƙubba.

"In kika faɗa wa kowa cewa na ji daɗin daren nan, zan ƙaryata," in ji Des yana shiga mota.

Ta tsaya ta ga fitilunsa suna bin kwanoni har ƙasa, sannan ta shiga ɗakin wanke hoto.

Mako guda ta yi tana auna sababbin da tsofaffin. Ɗigon ya fito ƙarami kamar kan allura, ba wurin kintace. Na arba'in da ɗaya ya karkata arewa, daidai gwargwadon da ta samu da farko.

Asabar ta sake sauka gari. Ba ta sami keken a bakin taga ba. Nas ɗin nan ta tare ta a baranda, fara'ar ta ragu. Ciwon ya sake bugunsa ranar Alhamis. Sun kira ɗansa a Perth, in ji ta, Merle kuwa ba su da lambarta cikin lambobin dangi.

Yana kwance, idanunsa a buɗe suna duban silin. Ta kira shi, bai motsa ba. Ta ja kujera ta zauna, jakar a cinyarta. Ta zo ne da shirin gardama, ta tsara abin da za ta ce in ya ce kaza, da abin da za ta ce in ya sake kiranta mai awo. Da ta rasa abin yi, sai ta fito da takardar ta karanta masa lambobin, layi bayan layi, a hankali, tana ɗan dakatawa a ƙarshen kowanne. Wani tsoho a gadon gefe ya ce mata in sakamakon tseren dawaki take karantawa ta ɗaga murya.

Dakta ya rasu cikin watan Agusta. Mutum tara ne a wurin jana'iza, har da limamin cocin. Ɗansa ya zo da safe ya koma da yamma. A bakin maƙabarta ya riƙe hannunta ya ce, "Ke ce sakatariyar Baba ko? An ce kin kula da shi ƙwarai. Na gode." Ta ce ba komai.

Bayan nan ta zauna ta rubuta takardar. Ba ta taɓa rubuta irinta ba, amma ta buga wa Dakta fiye da arba'in a tafireta, ta san yadda ake jera su: hotuna, awo, 'yan gida, nisa, ƙurar da ke tsakani wadda ke rage haske, shekaru. Shafi goma sha huɗu, da jadawali shida. A sama ta buga sunansa, sannan nata.

A watan Oktoba jami'a ta aiko wani matashin malami mai gemu, Dakta Warwick Anstey, ya rubuta kayan da za a kwashe. Kwana biyu zai yi, kuma a gurguje yake. Da yammacin ranar farko ta miƙa masa takardar ta ce in ya sami sarari. Ya fara karantawa a tsaye, makullin mota a hannu. A shafi na biyar ya jawo kujera.

"Wa ya yi lissafin nan?"

"Ni."

"Hotunan watan Yuni fa?"

"Ni da Des."

Ya dube ta ta saman tabarau, ya koma kan takardar, ya bi ta har ƙarshe.

"Aikin nan ba shi da makusa, Mis Tregenza. Zan kai wa mujalla da hannuna. Amma tsohon ya gani?"

"Ya ga rabi."

"Ya ce me?"

"Ya ce kuskure ne."

"To kin ga matsalar. Kin sa sunansa a gaba. Duk wanda ya karanta zai ɗauka shi ne ya janye maganarsa ta 1958 da bakinsa."

"Aikinsa ne. Shi ya tsara shi tun kafin ka gama makaranta."

"Ban musa ba. Ni dai tambaya nake, da yana nan zai sa hannu?"

Ta so ta ce zai sa, da ya ga sababbin hotunan zai sa, domin mutum ne da ba ya jayayya da lamba. Ta kuma tuna yadda ya mai da fuskarsa taga. Gaskiyar ita ce ba ta sani ba, kuma ba wanda za ta tambaya.

"Ka ba ni zuwa safe," ta ce.

Da safe ta kawo masa shafin farko da na ƙarshe, an sake buga su. A na ƙarshe ta ƙara layi huɗu: cewa marigayi Dakta L. Verrall ne ya tsara aikin, cewa ya ga sakamakon farko bai gamsu ba saboda faɗin ɗigon tauraron, kuma wannan shakkar tasa ce ta sa aka ɗauki gajerun hotunan. A na farko kuwa, ƙarƙashin kan magana, sunanta ne kaɗai. Da ta zare shi daga tafireta ta daɗe tana dubansa, ya yi mata kamar kujera ɗaya a tsakiyar falo.

Anstey ya karanta layukan, ya gyaɗa kai, ya sa a jakarsa.

Disamba ta zo da zafi da ƙudaje. Aka naɗe faifan gilashi dubu huɗu cikin takarda ɗaya bayan ɗaya, babbar mota ta kwashe su zuwa birni. Merle ta sayar da motarta, ta ba da kayan ɗakin mahaifiyarta ga coci. Ranar tafiya Des ya ɗora akwatunanta uku a bayan a-kori-kura, suka gangara tashar jirgin ƙasa. Ya samu aiki a garejin gyaran tarakta, in ji shi, zai fara bayan Kirsimeti.

"Ke kuma sai zaman bakin teku," ya ce. "Ki samu wani tsohon matuƙin jirgin ruwa mai fansho."

"Ɗakin baya ne a gidan Coral, tagarsa na duban katangar maƙwabta."

"To ki auna katangar."

Ta yi dariya, abin da ya ba su mamaki su duka. A tasha ya sauke akwatunan, ya miƙa mata leda da Beryl ta aiko, kek ne na 'ya'yan itace. Ya tsaya yana jujjuya hularsa. Da jirgi ya iso ya ce, "To, Merle," ya ba ta hannu, ya juya da sauri.

Takardar ta fito a watan Yuni na shekarar da ta biyo. Mujallar ta aiko mata da kofe ashirin da biyar a cikin babbar ambulan. Ta ba Coral ɗaya, Coral ta ce ma sha Allah da irin wannan ƙananan rubutu, ta ajiye a kan talabijin ta ce za ta karanta in ta sami tabaranta. Ta aika wa Des ɗaya, ta aika wa ɗan Dakta ɗaya a Perth da 'yar wasiƙa. Des ya amsa da katin Kirsimeti, ya ce sunanta da kwanan wata kawai ya fahimta, kuma wani manomi ya karɓi hayar ƙubbar yana ajiye ciyawar dabbobi. Daga Perth ba a amsa ba.

Sauran ashirin da biyun ta mai da su ambulan, ta sa a akwati a ƙarƙashin gado. A cikin shekarun da suka biyo, sau uku wasiƙa ta zo daga ƙasashen waje, ta biyo ta jami'a, ana roƙon kofe. Kowace ta amsa a ranar da ta zo. Takan sa hula, ta taka zuwa gidan waya da ke gangaren titi, ta tsaya a layi, ta tabbatar an manna kan sarki daidai, sannan ta biya ta kanti ta sayo wa Coral madara.